Wa Zai Fara Bugu

Maigidana mutum ne da ko sauro ya kai wa mari sai ya samu kunnensa. Don haka ranar da ya shigo da doguwar jaka cike da sanduna ya ce zai koyi golf, wasan nan na buga ƙwallo da sanda har ta shiga rami, dariya na yi har da riƙe ciki.

Ba sha'awa ce ta kai shi ba, yayansa ne. Tun da matar Yaya ta rasu ya daina fita, ya zauna a falo labule a sauke, sandunan golf ɗin da ya daɗe yana ji da su suna jingine a bayan ƙofa. An yi lallashi, an yi faɗa, duk a banza. Sai maigida ya je ya same shi.

"Yaya, ka koya mini wasan nan naka. Tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Kai? To, ka zo Asabar."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Maigida ya ɗaga sanda ya kai bugu, ciyawa ta tashi sama, ƙwallo tana zaune ko gezau. In ya dace ya same ta kuwa, ba ta san hanya ba sai ta tafkin da ke cikin filin wasan. Duk Asabar Yaya yakan biyo ta gidanmu ya ba ni rahoto, yana kwaikwayon tsayuwar ƙaninsa. A falona ya yi dariyarsa ta farko tun bayan rasuwar, ni kuwa na shige kicin na share hawaye.

Amma maigida akwai naci. A shagonsa na fenti, in babu mai saye, sai ya ɗauki sandar tsintsiya yana gwada juyi tsakanin gwangwanaye. A gida ya kwantar da kofin shayina a kan kafet yana tura ƙwallo ciki. Ƙwan fitila ya tafi, fanka ta samu rauni, kyanwa ta yi ƙaura. Sannu a hankali ɓarnar ta ragu. Ina kicin sai in riƙa jin ƙwallo tana shiga kofi, ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure.

Rahoton Yaya dai bai canza ba. "Mijin nan naki, ga rami a gabansa kamar bakin tukunya, ya tura ƙwallo gefe."

Abin ya ɗaure mini kai, na tsare maigida. Ya yi ta sosa ƙeya kafin ya faɗi gaskiya. Ashe a wasan, wanda ya ci rami, wato ya shigar da ƙwallonsa da bugu mafi ƙaranci, shi ke fara bugu a na gaba.

"Ni in shiga gaban Yaya?" in ji shi. "Ki bar ma wannan. Ranar da ya ga na iya, me ya rage ya koya mini? Falo zai koma ya sauke labule."

Asabar ta gaba na bi su, na ce ina son shan iska. Ina kallo maigida ya ɗago ƙwallo daga cikin yashi, ta sauka ta gangaro ta tsaya tazarar tafin hannu daga rami. Ya zo ya ɗan waiwayi Yaya, ya tura ta can gefe, ya dafe kai wai takaici. Ko yaron goye ba zai yarda da wannan wasan kwaikwayon ba.

Yaya ya taka a hankali, ya ɗauko ƙwallon ya mayar inda take.

"Sake."

"Yaya, ai doka ta hana."

"Ni na koya maka dokar. Matata ce ta rasu, ba idona ba. Na gaji da cin sadaka. Sake, na ce."

Maigida ya tura, ta shige, ya ci ramin. Muka taka zuwa wurin bugu na gaba. Yaya ya ja da baya ya nuna masa gaba da sanda. Maigida ya tsaya kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Yaya," ya ce murya ƙasa ƙasa, "za ka ci gaba da zuwa?"

"Buga, kana tare wa mutane hanya."

Ya buga. Yaya ya bi ƙwallon da ido har ta sauka, ya gyaɗa kai. Da aka tashi bai biyo ta gidanmu ba, maigida kuwa ya kasa cin abinci.

Laraba da sassafe wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Ki ce wa mijinki ya rufe shago da la'asar, ya same ni a fili. Ba zan iya jiran Asabar ba, sai na rama."