Ɗumin Ɗakin Hadiyya

Daso ta durƙusa tana cusa tsohon zani a ƙasan ƙofar baranda, tana mita. Kwana tara ke nan ana sheƙa ruwa a unguwar Setapak ta ƙasar Malaysia, iska kuwa a hawa na sha huɗu ba ta neman izini kafin ta shigo. Ita da ta baro Gumel don jegon 'yarta Khaulah, an ce mata ƙasar zafi za ta, ko bargo ba ta ɗauko ba.

Jaririyar, Hadiyya, bakwaini ce. Sati uku ta yi a kwalba kafin a sallame ta, da sharaɗin yau Alhamis a maido ta awo. In jikinta ya yi sanyi ko nauyinta bai ƙaru ba, kwalba za ta koma. Khaulah ba ta iya jin wannan magana ba ta yi hawaye ba.

Tun ranar farko Daso ta samo gawayi wurin mai gasa nama a bakin layi, da hannu kawai suka yi cinikin. Surukinta Bahauddeen, mai karatun digiri na uku, ya tare ta a falo yana sunkuyar da kai. Ya ce ƙararrawar hayaƙi za ta tara musu mutanen bene kaf, kuma hayaƙin kansa zai iya illata yarinyar. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi yi mata ciwo. Jego goma sha ɗaya ta yi wa mutane, ba a taɓa ƙwace mata kasko ba.

Ba ta yi musu ba. Ta sauka ƙasa ta tsinto duwatsu shida masu sulɓi a gindin fulawoyi, ta wanke su tas. Sai ta riƙa gasa su a tukunya kan gas, ta naɗe a tsumma, ta jera a ƙarƙashin gado. Atamfofinta na fita kunya ta rataye su a tagogi. Fanka kuwa ta ɗaure mata wuya da ɗankwali, kada wani ya yi gigin kunnawa. Yarinyar ta manna ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, in Khaulah ta gaji ita ta karɓa. Ƙurajen zafi suka feso wa Daso har wuya, ko a jikinta.

Bahauddeen ya leƙo da tawul a kafaɗa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Hajiya, wallahi ɗakin nan ya zama oven. Malaysia fa ba a sanyi."

"Kai ne ba ka ji, Malam. Kai kilo nawa ne?"

Ya juya ya tafi kiran mota.

A asibitin esi na busawa kamar gidan ƙanƙara. Nas ta tuɓe Hadiyya, ta auna zafin jikinta, ta ɗora ta a sikeli. Khaulah ta kau da kai, ta kasa kallo. Daso kuwa ba ta jin Turanci, sai ta kafa wa fuskar surukinta ido. Ta ga ya sa bayan hannu ya goge ido.

"Ta ƙaru, Hajiya. Kilo biyu da rabi. Nas ta ce gida za mu koma da ita."

Daɗi ya cika Daso har ta ji wuyanta ya ƙara tsawo, amma ba ta bari ya fito fili ba. Ta ɗauki rimot ɗin esi daga teburin nas ta miƙa masa.

"Kashe musu wannan. Ba mu gama sa wa ƙawata kaya ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya kashe.