Sandar Yero

A Tudun Sabara, wani ƙauye da ke gabas da Filinge, akwai al'adar da kowa ya buɗe ido ya tarar. In an gama girbi, makiyayin da zai shigo da shanunsa cin kara sai ya fara zuwa zauren mai gari ya jingine sandarsa a kusurwa. Muddin sandar tana nan, shi baƙon mai gari ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa rawani. Ranar da zai tashi, mai gari ya ɗauko ta ya miƙa masa da hannunsa, amana ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Masu salla sun yarda da wannan, masu bori ma sun yarda, kuma abubuwan da suke haɗuwa a kai ba su da yawa.

Shekara talatin da ɗaya Yero yana jingine tasa a zauren mai gari Lado. Shanunsa sun yi wa gonar Lado taki har ta fi ta kowa gero. Sun tsufa tare, suna zolayar juna, Lado ya ce Yero ya fi son saniya da matarsa, Yero ya ce ai saniya ba ta tambayarsa inda ya yini.

Bana abin ya ɓaci. Wasu mutane a kan moto suka faɗo gonaki da hantsi, suka harbe samari biyu, Musa da Ali, suna ɗaurin dammai, suka wuce. Wani ya ce ya ga sun tsaya shan ruwa a rijiyar da ke kusa da rugar Yero. Iyakar shaidar ke nan. Amma garin da ya binne samari biyu rana ɗaya ba ya neman shaida mai yawa.

Lado ya kai kuka inda ake kaiwa, aka rubuta, aka ce ana tafe. Samari suka ce ba su jira. Suka haɗa kai, da bindigogin farauta uku da adduna, suka ɗora ɗan Lado, Hafizu, a kansu. Hafizu ya yi shekara huɗu a Yamai, ya dawo da baki cike da maganar ƙasa da kishinta. Tun da mulki ya sauya hannu, duk mai waya a aljihu ya zama masanin siyasa, kuma su dattawa an mai da su kayan tarihi. Wannan yana ci wa Lado rai ƙwarai.

Bayan la'asar suka cika ƙofar zaure, su kusan ashirin. Hafizu ya durƙusa ya gaida ubansa kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Baba, jama'a sun aiko ni. Sun ce ka mai da ma Yero sandatai."

"In na mai da mai, mi za ku yi?"

"Mu dai ka mai da mai."

Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce ƙasa duk ta tashi tsaye, su an bar su da tsoho mai gadin icce. Wani ya ce namiji shi ne mai ɗaukar fansar ɗan'uwansa. Lado ya san amsar da ubansa zai bayar da yana raye. Kalma ɗaya ce, a'a, sai ya juya ya shiga gida. Ya san amana abin tambaya ce ranar gobe, ya sha faɗa wa mutane haka a wannan zauren. Amma ya dubi fuskokin nan, 'ya'yan da aka raɗa wa suna a gabansa, ya ga babu mai sunkuyar da kai. Tsoro ya kama shi, tsoron ya ce a'a su tsallake shi a bainar jama'a, daga nan ba shi ba rawani.

"Ku ba ni zuwa Juma'a," ya ce.

Yana faɗa ya ji kunyar kansa. Hafizu ya ɗago ya dube shi, kallon da Lado bai gane ba, ya tashi suka watse.

Daga ranar, kullum da safe Hafizu zai shigo gaisuwa, kafin ya durƙusa sai ya waiga kusurwar nan. Lado yana lura, ransa yana ɓaci. Ɗan da ka haifa ya zama mai ƙirga maka kwana! Ya yi ta salla yana roƙon mafita, ya rasa. A ƙarshe ya ƙulla dabararsa shi kaɗai, bai shawarci liman ba, bai shawarci kowa ba. Zai sa Yero ya gudu kafin Juma'a, samari su tarar da kango, shi kuma ya tsira da mutuncinsa ta kowane gefe.

Ranar Alhamis bayan asuba ya bi ta bayan rumbuna ya isa rugar. Ya tarar Yero ya riga ya tura iyalinsa da shanu wajen Abala tun shekaranjiya, shi kaɗai ya rage, yana zaune a kan buzu yana jan carbi.

"Mi kaka jira, Yero? Tashi ka bi su."

"Mai gari, sandata tana wurinka. Ɓarawo ka tahiya ba sallama. Ni ban ɗauki komi ba."

"Bari zancen sanda, ranka nika ji."

"Shekara talatin da ɗaya kana ba ni ita da hannunka. Bana in sulale kamar kare? Kuma dubi gwiwag ga, ba ta kai ni Abala ba madogari."

Tausayi ya rufe wa Lado ido. Ya koma gida da sauri, ya zaro sandar daga kusurwa, ya ɓoye ta cikin babbar riga, ya kawo. Ya miƙa da hannu biyu. Yero ya karɓa ya yi murmushi, ya ce Allah ya kai su baɗi, ya ce a gaya wa gonar ta yi haƙuri da ɗan takin da ta samu. Lado ya tsaya yana kallonsa yana ɗingishi ta cikin kara har ya yi nisa. Ya koma zaure da sanyin zuciya, har ya nemi a kawo masa fura.

Da safen nan Hafizu bai zo gaisuwa ba.

Rana ta kusa tsaka sai ga shi, ƙafafunsa duk ƙaiƙayi, rigarsa a yage a kafaɗa. Sandar tana hannunsa. Bai durƙusa ba. Lado ya dubi sandar, ya dubi ɗansa.

"Ina Yero?"

"Shina bakin fadama, ƙarƙashin gawo. Ya cika, na ruhe shi da rawanina," in ji Hafizu. "Mata masu ɗebo ruwa sunka gane shi da sanda a hannu. Kahin in ji labari, samari sun bi shi. Na sheƙa, na tare, sunka ture ni. Sunka ce mai gari ya sake shi."

"Don shi tsira niy yi! Ku kunka ce in mai da mai!"

"Aike na, Baba, dole in hwaɗa gaban su. Jira nikai ka ce a'a in samu abin riƙewa." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Kwana shidda ina tare su da sandag ga. Duk sahe in leƙa in gan ta, in koma in ce musu tana nan, ba mai taɓa baƙon ubana. Kuma ba su taɓa ba, Baba. Ko ɗaya bai taɓa ba."

Yaran da Lado ya ɗauka sun yar da al'ada, ashe ita kaɗai ta rage suke jin nauyi, shi kuma da hannunsa ya zare ta ya ɓoye a riga.

Hafizu ya taka zuwa kusurwar zai jingine sandar, sai ya tsaya. Ya juyo ya ajiye ta a kan cinyar ubansa.

"Liman ya ce a tambaye ka," ya ce, "wa za shi kai ma iyalinai ita."