Jirgi a Bayan Mota

Shekarar da Nasara ke ta ɗaure kaya suna komawa gida, kowane direba a Tawa ya samu rabonsa. Wani ya gaji rediyo, wani gadon ƙarfe. Attahir, direban wani Bature likitan dabbobi, shi sai ya gaji jirgin ruwa. Na roba ne, baƙi wuluk, mai dogayen tumbuna biyu da ake hura wa iska, haɗe da 'yar ramok, wato tirelar da Baturen ke ja a bayan mota in za shi kwanan daji. Mutane suka yi dariya har da hawaye. Jirgi a Adar, inda mata ke faɗa a kan guga ɗaya!

Attahir kuwa tsalle ya yi. Matarsa Salamatu 'yar Argungu ce, a bakin gulbi aka yanke mata cibi, kuma tun da ya kawo ta tudun nan take ramewa. Ba faɗa, ba gori, ta dai daina dariya. Ta riga ta gaya masa bayan Sallah za ta bi motar 'yan goro ta je ganin gida, shi kuwa ya san irin wannan ganin gida, ba a cika dawowa ba. Ga shi yana sonta, son da har abokai ke masa tsiya.

"Salame, shirya!" ya ce tun daga zaure. "Gobe Tabalak za mu. Tabki na wanda ya hi ƙarhin ido, kuma cikin jirgi za ki shiga, naki na kanki."

"Kai da rabin ƙwarya ka ishe ka wanka?" ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Sai dai Bature ya tafi da famfon hurawa. Da safe, garin da sauran sanyi, Attahir ya ja ramok zuwa maƙerar Lawali, aka ɗaura bakin zuga-zugi a hancin jirgi. Lawali a duniya abu ɗaya ya sani, iska ba ta yawa. Attahir kuma direba ne, taya mai laushi a wurinsa abin kunya ce. Wannan ya ce ƙara, wancan ya ce ƙara, har jirgi ya yi tam, in ka ƙwanƙwasa ya amsa kamar ganga. Tunda maƙera ba ta bin mutum daji, dole a tafi da shi a hure.

Duk ɗan Adar ya san maƙiyin roba, ƙaya. Saboda haka Attahir ya lulluɓe jirgi da tabarmi da buhuna da bargonsa na kwana, ya ɗaure da igiyar rijiya, ya jona ramok a tsohuwar motar da ya aro. Suka fita gari yara na bi da ihu, jakuna na tsinke tarnaƙi. Wani Buzu bisa raƙumi ya tsaya ya tambaya ko giwa ce ta mutu. In iska ta kaɗa, sai jirgi ya ɗaga kai kamar zai riga su isa, Attahir ya leƙa ta taga yana ba shi haƙuri. Duk farar ƙayar da ta miƙo hannu kan hanya sai ya sauka ya karya ta, ya dawo yana tsotsar yatsa yana waƙa. Sau ɗaya ya saci kallon Salamatu, ya ga gefen bakinta na motsi, murna ta kusa sa shi cikin rami.

Rana na tsaka suka hau wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe yana walƙiya, ga masu shayar da dabbobi cike da baki. Ko ƙaya ɗaya ba ta taɓa jirgi ba. Nan girman kai ya kama Attahir. A ce ya shiga da abin nan a rufe kamar kayan sata? Ya yaye tabarmi, ya yaye bargo, ya gangara a hankali kamar mai rakiyar amarya. Jama'a suka kewaye su, ya tsaya yana bayani, yana maimaitawa ga duk wanda ya zo a makare. Baƙar roba kuwa tana can tana shan rana, iskar Lawali na kumbura a ciki.

Bum!

Awaki suka watse, wani dattijo ya zauna cikin taɓo yana salati. Tumbi ɗaya ya tsage tun daga kai har wutsiya, jirgi ya kwanta a karkace. Attahir ya tsaya hularsa a ƙasa, ba ya ganin komai a ransa sai motar 'yan goro. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Sai ya ji wata murya da ya kusa mantawa. Salamatu ce riƙe da ƙofar mota, tana dariya har tana shiɗewa.

Ta share ido, ta nufi wani tsohon masunci da ke gyaran taru. "Baba, ara min goranka." Ta ɗaure zane tamau, ta kifa ciki bisa ƙaton goran da ya miƙo mata, ta tura ƙafa, sai ga ta can tana yanka ruwa da hannu biyu. Attahir ya bi gaɓa da gudu, ruwa iya idon sawu, yana ihu ta dawo kada ta nutse, masunta na ta kwasar dariya.

Ta fito sharkaf, fuskarta na sheƙi. "Maigida, wa ya ce maka sai da jirgi? Mu can gida gora muka hawa."

Ya matso kusa da ita. "To... motar 'yan goro hwa?"

Ta matse bakin zanenta, idonta na kan ruwa.

"Su tahi abinsu. In na bi su, wa ka kawo ni nan?"