Wankan Magajin Gari

Dakta Marleen Duyck ta daɗe tana ɗibar ruwan kogin garinsu a kwalabe, tun daga gadar masaƙa har bayan asibiti, inda bututun ƙazanta ke amai duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ta san abin da ke ciki. Da Magajin Gari Rutger Pauwels ya kira ta, wai zai buɗe kogin a riƙa iyo kafin zaɓe, sai ta yi masa bayani kamar mai koya wa jaki karatu.

"Akwai bakteriya a cikin laka, suna cinye naitirojin da fitsari da taki ke kawowa, su mayar da shi iska. Shi ya sa ruwan ya daina yin kore."

"Madalla! Kogi mai wanke kansa!"

"Ban gama ba, yallaɓai. Da yawansu sun saba da ragowar magungunan asibiti, sun daina jin su. Kuma suna miƙa wa ƙwayoyin da ke sa cuta wannan taurin kai."

Pauwels ya tsoma soyayyen dankali a mayonis, ya lashe yatsa. "Ku masana, in ba ku tsorata jama'a ba, abinci ba ya yi muku daɗi."

Ranar Asabar gari ya cika bakin kogi, kekuna jingine ko'ina. Pauwels ya fito da gajeren wando, tumbi a gaba, ya shiga ruwa iya ƙugu, ya ɗaga wa masu hoto hannu. Marleen ta lura ko sau ɗaya bai buɗe baki ba, kada ruwan ya shiga. Yana fitowa ya zagaya bayan rumfa, ta bi shi, ta tarar yana dirzar ƙafafu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta har fatar ta yi ja.

"Ashe ka ji rabi na biyu na bayanina," in ji ta.

"Haba Dakta, tsafta ce kawai."

"Su kuma waɗancan?"

Ya leƙa. Tsofaffi da yara na ta tsunduma, suna kurɓar ruwa suna dariya. Ya ɗaga kafaɗa, ya nemi tawul.

Kafin wata ya ƙare, Wannes mai gidan burodin unguwar Marleen ya kwanta asibiti. Ya shiga kogin da ɗan ƙuna a hannu, hannun ya kumbura kamar tulu. Aka ba shi magani, aka sake wani, ciwo ya yi kunnen uwar shegu. Da ƙyar aka ceci hannun, ban da yatsu biyu.

Pauwels ya aika masa furanni, da mai ɗaukar hoto a biye. Marleen na zaune gefen gado sa'ad da suka iso. Wannes ya dubi furannin, ya dube ta.

"Kai su bakin kogi, Marleen," ya ce. "Can taki yake."

Pauwels ya ci zaɓensa a watan Oktoba.