Shekarar da Aka Kankare

Tun da safe matar Kafinta ta ce masa kada ya kira Dattijo gidan nan yau, in kuma ya nace, to ya ɗauke babban Littafin daga kan kanta ya kai ɗaki ya rufe. Ta ce abin ba zai ƙare lafiya ba. Bai ji ko ɗaya ba. Har goge bangon Littafin ya yi da tsumma, ya ajiye shi a tsakiyar tebur.

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. 'Yarsa ta haihu wata biyu da suka wuce. Yana so ranar Lahadi ta kawo jaririn coci a miƙa shi ga Allah, a kuma rubuta sunansa a shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidan, inda mahaifinsa ya fara rubuta aure da haihuwa da mutuwa. Matsalar mijinta ne, malamin kimiyya, wanda ya ce shi bai yarda akwai Allah ba. Kafinta a bayan ido Tabarau yake ce masa. Sau biyu ya gwada yi masa magana, sau biyu yaron ya saurare shi da irin murmushin da likita ke yi wa mai ciwon da ya zo da nasa maganin. Shi ya sa ya nemo Dattijo, dattijon ikkilisiya, tsohon akawun kotu, mutumin da ko gaisuwa aka yi da shi sai ya ci nasara.

Ba a gama zuba shayi ba aka fara. Tabarau ya ce ba wanda ya taɓa ganin rubutun farko na Littafin. Kwafi ne na kwafi, hannu bayan hannu, kuma kowane hannu yana gajiya, wani ma yana da abin da yake so a ce. Ya ce ko labarin safiyar tashi daga matattu, masu ba da shi ba su daidaita kan mutum nawa suka je kabarin ba. Dattijo ya yi dariya har cikinsa na rawa. Ya ce shekara talatin ya yi a kotu, kuma duk ranar da shaidu huɗu suka faɗi magana ɗaya babu bambancin ko harafi, alƙali ya san a ɗaki ɗaya suka kwana. Sai ya tambayi yaron wane biri ne kakansa, don a rubuta shi a shafin dangi. Tabarau ya gyara tabaransa, ya ce ya yi zaton da mai karatu zai yi magana.

'Yar tana gefe a kan doguwar kujera, ta lulluɓe jaririn tana ba shi nono. Ba wanda ya kalle ta. Kafinta yana ta jira ɗayansu ya ambaci Lahadi, ba wanda ya ambata.

Tabarau ya jawo Littafin ba tare da neman izini ba, wai zai nuna wani wuri. Shafin farko ne ya buɗe masa. Ya tsaya, ya ɗaga takardar saitin taga. A layin auren Kafinta, wajen lambar ƙarshe ta shekarar, haske yana ratsowa, takardar ta yi siriri kamar ɓawon albasa.

"Baba, nan wa ya kankare?"

Kafinta ne ya kankare, da sabuwar reza, lokacin da 'yarsa ta fara haɗa baƙi tana karanta duk abin da ta gani. Ya ja auren baya da shekara ɗaya. A lokacin har daɗi ya ji da tsabtar aikin, kamar ya goge katako.

Tabarau bai san abin da ya tono ba, misali kawai ya samu, kuma daɗi ya kama shi. Ya ce to ga shi, gida ɗaya, shekara talatin, hannun mutumin kirki mai tsoron Allah, amma an sauya rubutu. Ina ga shekara dubu biyu?

Da Dattijo ya yi shiru, da an ce kuskuren biro ne, an wuce. Amma an ci shi maki ɗaya a gaban mutane. Ya ajiye kofi, ya ɗaga yatsa.

"Ka kama kanka da kanka, yaro. Da idonka ka ga kankarar, ashe gyara ba ya ɓoyuwa. Kuma akwai shaidu da ransu. Ni na tsaya masa a auren nan. A shekarar da aka haifi matarka aka ɗaura shi, saura wata huɗu a haife ta, rajistar coci tana nan. Ka ga yadda ake gano asali?"

Ya jingina da kujera yana duban kowa, yana jiran a yaba. Daga ƙofar kicin aka ji cokali ya faɗi daga hannun matar Kafinta.

Abin da ya fi ba Kafinta haushi shi ne ba su tsaya ba. Tabarau ya ce ai wannan saboda shaidar tana da rai ne, Dattijo ya ce rajista ba ta mutuwa. Kafinta ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ɗaya da tabarau, ɗaya da tumbi, amma daga itace ɗaya aka yanko su. Wanda ya ce babu Allah da wanda ya ce akwai, duk ba su ga yarinyar da ta daina jijjiga ɗanta ba. Ita ce wadda Kafinta ya yi wata guda bai yi wa magana ba don an gan ta a motar saurayinta kafin aure, yana ta cewa gidansa ba a saba irin wannan ba.

Ya tashi ya buɗe ƙofa.

"Ku ƙarasa a waje."

Dattijo ya ce ai shi taimako ya zo yi. Kafinta ya miƙa masa hularsa. Suka fita, har bakin get ana jin muryoyinsu, an koma kan shekarun duniya.

'Yar ta gyara wa jaririn mayafi, ta matso, ta shafa wurin kankarar da ɗan yatsa.

"Baba, shekarata nawa lokacin?"

"Bakwai. Kin fara karatu."

"Don ni ka yi, ko don kai?"

Ya juya ya shiga tattara kofunan shayi. Ta jira shi kaɗan. Sai ta saɓa jaririn a kafaɗa, ta rufe Littafin, ta sa shi a hammata duk nauyinsa, ta ce wa uwarta sai anjima. Biron da ya ajiye don rubuta sunan yana kan tebur, ba ta taɓa shi ba.

Yau Juma'a. Ba ta kira ba, shi ma ya kasa kira. Kantar tana nan da zanen ƙura inda Littafin ya saba zama. Kafinta bai san ko ta rubuta sunan jaririn ba, bai san ko ta mayar da shekarar yadda take ba, bai kuma san ko za ta zo ranar Lahadi ba.