Sunan Yaya a Kulle

A kamfanin inshorar lafiya ana ce masa Mai Gadin Firiji, domin sanyin ɗakin aikinsa ya isa a ajiye gawa. Ba don shi aka sa sanyin ba, don saba ce, wata baƙar na'ura mai tsayin kabad wadda kamfani ya fi tattalinta fiye da ma'aikata. Daga kujerarsa yake rubuta umarni da SQL, harshen da na'urorin ke ji, saba ta miƙa hannu can hedikwata, ta ɗauko bayanan marasa lafiya daga rumbunsu. Dubawa kawai aka ce ya yi.

Yayarsa kuwa tana jiran kamfanin ya amince a yi mata aikin ido. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana haɗa kaya. Duk ranar da ya je gaishe ta sai ta ce ashe mai ƙani a gindin murhu ma yana kwana da yunwa.

Ran nan da rana tsaka ya shiga rumbun hedikwata, ya nemo sunanta, ya mayar da "ana jira" zuwa "an amince". Ƙa'idar na'urorin ita ce sai sun yi musabaha sau biyu: tasa ta tambaya ko an shirya, ta can ta amsa, sannan tasa ta ce a tabbatar. Ana tsakiyar haka layin sadarwa ya yanke. Tsoro ya kama shi, ya kashe aikin, ya share sawunsa. Da layin ya dawo, sabarsa ta manta ta taɓa yin magana da kowa.

Rumbun hedikwata bai manta ba. Ya kulle sunan Yaya yana jiran amsa, da irin haƙurin da ba a samu wurin ɗan Adam. Ba a jima ba jerin masu jira ya iso kanta ta hanyar halal. Manhajar da ke amincewa ta tarar da kulle, ta tsallake, ta wuce ga na bayanta.

Dole ya kira mai kula da rumbun. Ta ce ai tun tuni ta gani, ga sunansa nan raɗau a rajistar hedikwata. Za ta iya buɗewa, amma duk bayanin da aka taɓa da hannu sai ya bi ta kwamitin bincike, kwamitin kuma bai zauna ba tun da shugabansa ya yi ritaya.

"To a kore ni, Hajiya, ita a mayar da ita jeri."

"Korarka ba ta buƙatar kwamiti, Malam. Ita ce mai buƙata."

Da yamma ya tarar da Yaya zaune a bakin taga, tana laluben carbinta a kan tabarma. Sai da ya yi sallama ta gane shi.

"Auta, ka sa hannu a maganar nan kuwa?"

"Na sa, Yaya."

Ta yi hamdala, ta shiga sa masa albarka. Ya zauna yana amsawa da amin.