Esin Ɗakin Baba

Ƙarfe biyu na rana ta ɗan gota. Hadari ya taru tun safe ya ƙi zuba, gari ya yi gumm kamar an kife shi da kwano. Auta yana tsaye a tsakiyar ɗakin Baba da rimot a hannu, gumi na bin ƙeyarsa, ya ɗaga kai yana kallon na'urar sanyaya ɗaki, esin da ke manne a bango.

Da yammar nan za a sallamo Baba daga asibiti. Likita ya ja wa Yaya kunne, ita da take jinyarsa, cewa zuciyar tsohon ba ta son zafi. Idan ɗakinsa ba zai yi sanyi ba, gara a bar shi a can. Shi kuwa Baba tun asuba ya sa aka ɗaure masa kaya, ya ce ko a kan tabarma ne yau a gida zai kwana. Sai ga esin ya zaɓi yau ɗin ya fara tsiya.

Ba mutuwa ya yi ba, abin da ya ɗaure wa Auta kai ke nan. In an kunna shi sai ya tashi lafiya lau, iska mai sanyi ta zubo, injin da ke waje ya kama gurnani. Kafin mutum ya gyara zama sai injin wajen ya yi tsit, a bar fanka tana ta hura iskar banza. Can ya sake tashi, ya sake tsayawa. Auta bakaniken babur ne, ya san injin da ya mutu, ya san wanda ke shirin mutuwa. Amma injin da zai yi aiki sannan ya ajiye don kansa, kamar wanda ya ga aikin ya isa, wannan bai taɓa gamuwa da shi ba.

Umma ta leƙo da tsintsiya a hannu. Tun jiya take fama da ɗakin, ta wanke labule, ta sauya zanen gado, ko ƙarƙashin katifa bai tsira ba.

"Ko gas ɗin ne ya ƙare? Na maƙwabta haka ya yi musu."

"Wataƙila, Umma."

"Datti dai ba shi ba ne. Jiya na hau na ciro ragar nan na wanke ta tas."

"Kika hau kujera? Da wannan gwiwar?"

"Da ta wa zan hau?"

Ya yi dariya, ya fita baranda ya kira mai gyaran da ya kafa musu esin, wanda kowa ke ce wa Oga Ƙanƙara. Sai da wayar ta kusa tsinkewa aka ɗaga, ƙarar guduma na tashi a bayan muryar.

"Auta na Umma. Babura sun ƙare ne ka dawo kan sana'ata?"

"Oga, rufa mini asiri. Yau Baba zai dawo, esi kuma ya ƙi."

"Ina kan rufin wani bene a can ƙarshen gari, ko tsuntsu na zama ba zan iso yau ba. Amma kana da ido da hannu. Faɗa mini abin da yake yi."

Auta ya faɗa masa. Oga ya yi ta jefo tambaya. Da farko iskar tana da sanyi sosai? Ƙwarai. To ba gas ba ne, a bar maƙwabta da nasu. Fankar waje tana juyawa? Tana juyawa. Rimot yana kan sanyi, ba wanda ya danna wani abu? Auta ya duba, daidai yake.

"To koma ciki. Naku irin mai nuna zafin ɗaki ne a goshinsa. Jira ya tsaya, ka karanta mini."

Auta ya jira har injin waje ya yi shiru. "Sha shida."

"Kai fa, nawa jikinka yake nunawa?"

"Singiletina sai a matse."

"To ka gani. Injinka ba shi da laifi, ƙarya ake yi masa. Wani ne yake ce masa ɗaki ya yi sanyi, shi kuma ya yarda ya huta."

Auta ya ji abin ya shige shi. Bai taɓa tunanin yadda esi yake sanin zafin ɗaki ba. Ashe akwai mai ba shi labari. Oga ya ce sunansa sensa, ɗan baƙin abu ne kamar kan ashana a bakin wata siririyar waya. Wurin zamansa gaban ƙarafan sanyi, a cikin wani ɗan maƙalin roba, inda iskar ɗaki take bi ta kansa. Ba a so ya taɓa komai, iska kaɗai.

"Kashe wuta daga bango tukuna. Ba na son Umma ta zo neman ɗa a wurina."

Auta ya kashe, ya jawo kujera ya hau, ya ɗaga murfin, ya zare ragar. Siraran ƙarafa suka bayyana jere kamar haƙoran mataji, suna naso. Ga maƙalin robar nan, amma wayam. Ya saƙale wayar salula tsakanin kunne da kafaɗa, ya bi siririyar wayar da yatsa a hankali, ta yi gefe, ta yi ƙasa, har inda bututun jan ƙarfe ya lanƙwasa. A nan ya same shi. An ninke wayar tsaf, an kwantar da ɗan baƙin kan a jikin bututun, an ɗaure su tare da farin zaren ɗinki. Ƙullin ɗan mitsitsi ne, an datse bakinsa daidai. Irinsa ne a bayan kowane maɓalli na rigunan Auta tun yana yaro.

Ya taɓa bututun. Har yanzu sanyi ƙarara.

"Ka same shi?" in ji Oga.

"Na same shi. Ya jingina da bututu."

"Shi ya sa. Yana kwance a kan ƙanƙara, me kake so ya ce? Raba su. Amma kada ka yi murna tukuna, zai yiwu shi kansa ya lalace. Mayar da wuta, ka riƙe kan da yatsu biyu, ka ga ko lamba za ta motsa. In ta tsaya cak, sai sabo, sabo kuwa sai gobe."

Auta ya tsinke zaren da farce, ya sauka ya kunna, ya sake hawa. Ya kama ɗan abin tsakanin babban yatsa da manuni kamar mai riƙe ƙwaro. Lamba ta yi zamanta a inda take. Sai ga kiran Yaya ya shigo a kan na Oga.

"Auta, suna rubuta takardar sallama. In taho da shi ko in ce a bari?"

"Ba ni ɗan lokaci, Yaya."

"Ni zan ba ka, Baba ne ba zai bayar ba. Ya riga ya sa takalmi."

Yana shirin amsawa lambar ta kifta. Ta koma sha bakwai, ta ƙara, ta yi ta hawa kamar mai taka matakala. Ɗumin yatsunsa ne kawai, amma injin ya ji. Auta ya tsaya baki buɗe, ya ma manta Yaya tana kan layi. Ya tura kan a cikin maƙalinsa har ya ji ya zauna, ya mayar da raga, ya rufe murfi. Aka ɗan jima, injin waje ya ɗauka.

Bai yarda nan take ba. Ya zauna a bakin gado yana saurare, yana jiran tsit ɗin nan. Bai zo ba. Lambar ta fara sauka a hankali, yadda ya kamata, gumin bayansa ya bushe. Sannan ya kira Yaya ya ce su taho, ya aika wa Oga saƙo.

Umma ta shigo, ta tsaya sanyi ya dake ta. "Mene ne ya same shi?"

"Wata 'yar waya ce ta bar wurinta."

Ta dubi esin, ta dubi guntun farin zaren da ya faɗi a kan kujera.

"Da na ciro ragar na gan ta tana reto, kamar ba ta da mai ita." Ta ɗauke zaren ta murza shi a yatsa. "Wai ita shan iskar nan aikinta ne?"

"Aikinta ke nan, Umma."

"Ikon Allah. To kada Yayarka ta ji, sai in shekara ina shan labarin."

Rana ta yi sanyi lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka shigo da Baba a hankali, ya rame, yana faɗan an riƙe shi kamar jariri. Ya zauna a gadonsa, ya ja dogon numfashi, ya ce matashin asibiti dutse ne. Ana cikin yi masa sannu barci ya ɗauke shi, kowa ya fice da sanɗa.

Auta ne na ƙarshe. Daga bakin ƙofa ya lura iskar tana sauka kai tsaye a ƙirjin tsohon, har gemunsa yana motsi. Ya ɗauki rimot ya ɗaga bakin esin sama, ya ja mayafi ya rufe masa ƙafafu, sannan ya jawo ƙofar.